Ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai: gyaran famfo, gudummawar jini ko gwajin ido, da wanne za mu fara?

Sakatare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar 'yan sa-kai. Mambobinmu ba su kai talatin ba, akwai malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da ma'aikata. Zuwa yanzu ayyukanmu ƙanana ne: yashe magudanar ruwa kafin damina, ziyarar marasa lafiya, sai rabon littattafan rubutu ga yara. To yanzu mun tara ɗan abin da zai ɗauki aiki guda mai ɗan nauyi, amma ba zai ɗauki biyu ba.

A taron da ya wuce shawara uku aka kawo. Wasu sun ce mu gyara famfon tuƙa-tuƙa da ke kusa da makarantar firamare, wanda ya daɗe yana ba mutane wahala. Wasu sun ce mu shirya ranar ba da gudummawar jini. Wasu kuma sun fi son gwajin ido kyauta da rabon tabarau. An tashi ba a tsayar da magana ba, aka ɗora mini in nemo bayani kafin zama na gaba.

Abin da nake roƙo daga waɗanda suka san waɗannan ayyuka: me kowanne yake buƙata daki-daki, ina ake yawan samun matsala, kuma wanne ya dace da ƙungiya irin tamu da ba ta taɓa riƙe babban aiki ba? Sannan yaya za mu tsara kuɗin don kada a samu zargi a tsakaninmu? Allah ya saka da alheri.

Mai gyaran famfo:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ni a ganina famfon ya fi cancanta, amma da sharaɗi: kada ku sayi ko noti ɗaya sai kun san abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa, kuma kun san wanda zai riƙa kula da shi bayan kun tafi. Famfo da yawa da ke tsaye ba ruwa an taɓa gyara su, wani ma sau biyu. Gyaran ba shi ne mai wuya ba. Rashin mai kula ne ke sake kashe su.

Da farko ku gano irin famfon. Guda biyu ne suka fi yawa. Akwai India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya a shekarun 1970 da hannun UNICEF. Bututunsa na ƙarfe ne mai faɗin milimita 32, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mita 3, a cikinsa kuma akwai rodi mai milimita 12 da ke haɗe da sarƙa a saman famfon. Duk abin da ya samu silindar da ke ƙasa, wato ɓangaren da ke cikin ruwa yana turo shi sama, sai an zaro bututun gaba ɗaya, gaɓa bayan gaɓa, aikin mutum huɗu ne ko fiye da makaniki da kayan aikinsa. Sai Afridev, wanda aka inganta a Malawi da Kenya a shekarun 1980. Shi bututunsa na roba ne mai faɗi, ana iya zaro fistin da bawul ɗin ƙasa ta cikin bututun ba tare da an taɓa shi ba. Mutum biyu da aka koya wa, da sifana ɗaya da ƙugiyar kamo bawul, sun isa. Dukansu suna ɗago ruwa daga zurfin da ya kai wajen mita 45.

Kafin ku kira makaniki akwai gwaji biyu da za ku iya yi da kanku, da bokiti mai awo da agogo kawai.

Na farko gwajin yawan ruwa. Ku buga har ruwa ya fara zuba sosai, sannan ku tara bokiti, ku yi cikakken bugu 40 a cikin minti ɗaya, daga sama har ƙasa. Lafiyayyen famfo zai ba da lita 15 zuwa 16. Idan abin ya gaza lita 10, robobin fistin sun cinye, ruwa yana zillewa ta gefensu.

Na biyu gwajin yoyo. Bayan ruwa ya zubo, ku bar famfon minti 30 kada kowa ya taɓa. Ku dawo ku ƙirga bugu nawa za a yi kafin ruwa ya fito. In ya wuce biyar, ruwan da ke cikin bututu yana komawa ƙasa. Ko dai bawul ɗin ƙasa ba ya rufewa, ko mahaɗar bututu ta saki, ko bututun ya huje.

Hannun famfon ma yana nuna inda ciwon yake. In ya yi sakwaf ba nauyi, rodi ya kwance ko ya karye, ko sarƙa ta tsinke. In yana girgiɗi hagu da dama yana ƙara, boris ya ci. In ya yi nauyi fiye da yadda aka saba, rodi ya lanƙwashe yana gogar bututu, ko yashi ya shiga silinda. In kuwa ana samun ruwa da safe, da rana ya ɗauke, bayan hutawa ya dawo, to matsalar ba ta famfon ba ce, rijiyar ce ba ta kawo ruwan da ya kai yawan masu ɗiba, ko ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da silinda a lokacin rani. Wannan na ƙarshe ku kula da shi sosai. Idan akwai sauran zurfi, ƙarin gaɓa ɗaya ko biyu na bututu yana magance shi. Idan babu, sabbin kaya ba za su kawo ruwa ba, kuɗinku ne kawai zai tafi. Makaniki ya auna zurfin rijiyar da inda ruwa ya tsaya kafin a yanke shawara.

Kada ku manta da saman. Daɓen kankare da ke kewaye da famfon shi ke kare rijiyar daga ƙazanta. In ya tsage, ko gindin famfon yana motsi a cikinsa, ruwan wanki da na dabbobi zai bi gefen bututu ya koma rijiya. A fasa a sake zubawa, a ba shi gangara zuwa magudana, magudanar ta yi 'yan mitoci kafin ta ƙare a ramin da aka cika da duwatsu. A bar sabon kankare a jiƙe na mako guda kafin a soma amfani. Masai kuma ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiyar. Tunda kusa da makaranta ne, ku je ku auna da ƙafarku.

Duk lokacin da aka zaro bututu aka shimfiɗa a waje, an shigar da ƙwayoyin cuta. A jera su a kan katako, ba a ƙasa ba, sannan bayan an mayar a wanke rijiyar da kulorin. Ma'aunin shi ne miligiram 50 a kowace lita ta ruwan da ke cikin rijiyar. Misali, rijiya mai faɗin milimita 100 tana ɗauke da kusan lita 8 a kowace mita. In tsayin ruwan mita 30 ne, kusan lita 240 ke nan, garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari giram 18 zuwa 20 ya isa. A narkar da shi a bokitin roba, a zuba ruwan, a buga famfo har a ji warin kulorin a bakinsa, a ɗaure hannun a bar shi awa 12 zuwa 24. Washegari a yi ta bugawa ana zubarwa har warin ya tafi. A sanar da mutane tun da wuri don su tanadi ruwan kwana ɗaya, in ba haka ba za a kwance ɗaurin cikin dare.

Sai babban aikin. Famfon nan yana da mai shi, ko makarantar, ko hukumar ruwa, ko jama'ar wurin. Ku nemi izini a rubuce. Ku zauna da masu ɗiban ruwan, musamman mata, domin su suka fi kowa sanin halinsa. Su zaɓi kwamitin mutum biyar zuwa bakwai, da mutum biyu da makaniki zai koya wa ƙananan gyare-gyare a ranar aikin. Su amince da ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa, a ajiye don kayan gyara. Kowane mako a duba notuna a ɗaure, kowane wata a shafa wa sarƙa giris in India Mark II ne, robobi da boris na roba na Afridev kuma a canja su aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba su nuna alamar mutuwa ba. Ku bar musu saiti ɗaya na waɗannan kayan da sifana. In jama'a suka ce ba za su ba da komai ba, ku ɗaga aikin har a daidaita, domin famfon da ba shi da asusu roba ɗaya ce za ta tsayar da shi.

Ma'aikaciyar jinya:

Sannunku da ƙoƙari. Bayanin Malam mai gyaran famfo ya yi, sai dai ni ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba, domin gudummawar jini kusan ba ta cin kuɗin ƙungiya. Abin da take ci shi ne tsari. Ku ba ku ne za ku ɗibi jini ba. Wannan aikin ma'aikatan bankin jini ne, su ke zuwa da ledoji da allurai da kayan gwaji da akwatin sanyi. Naku shi ne wuri, da mutane, da oda.

Saboda haka matakin farko ku je bankin jini ko asibitin da ke da izinin karɓa, makonni huɗu zuwa shida kafin ranar da kuke so. Ku tambaye su leda nawa za su iya karɓa su gwada su adana. Wannan tambayar ita ce ake yawan tsallakewa. Jini yana zama ne a sanyin digiri 2 zuwa 6, kuma kwana 35 zuwa 42 yake yi ya lalace, gwargwadon irin ledar. In kun tara mutum ɗari alhali firjinsu da kayan gwajinsu na arba'in ne, ko a mayar da mutane gida rai a ɓace, ko jini ya lalace a banza.

Wanda zai bayar, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 ko fiye, yana cikin ƙoshin lafiya a ranar. Ana auna ƙarfin jininsa (himoglobin), awon mace kada ya gaza 12, na namiji kada ya gaza 13. Mai ciki da mai shayarwa ba sa bayarwa, haka mai zazzaɓi ko wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Abin da ake ɗiba wajen mililita 450 ne, ɗibar kanta minti goma ce ko ƙasa da haka. Namiji zai iya sake bayarwa bayan mako 12, mace bayan mako 16. Ku faɗi waɗannan sharuɗɗa a cikin sanarwarku, kada mutum ya bar aikinsa ya zo a ce masa bai cancanta ba. Duk da haka ku sa ran za a mayar da wasu, musamman mata saboda ƙarancin jini, don haka ku rubuta sunaye fiye da adadin ledojin da aka ba ku.

Wurin ya zama mai inuwa da iska, a raba shi huɗu: wurin rajista, wurin tambayoyi da awo, wurin gadaje, da wurin hutawa. Wurin tambayoyin lallai ya zama a keɓe, inda na kusa ba zai ji ba. Ana tambayar abubuwan da mutum ba zai amsa da gaskiya a gaban maƙwabcinsa ba, kuma amsar gaskiya ita ke kare wanda za a ƙara wa jinin. Gado ɗaya yana ɗaukar mutum uku zuwa huɗu a awa, to da wannan za ku raba wa mutane lokaci. Kada ku ce kowa ya zo da safe.

Abin da ya fi faruwa a irin wannan rana shi ne jiri da suma. Sababinsa sananne ne: mutum ya zo bai ci komai ba, bai sha ruwa ba, ya daɗe a tsaye a layi cikin zafi, ko ya miƙe da sauri bayan an gama. Ku tanadi ruwa, kowa ya sha wajen rabin lita kafin ya hau gado, ya zauna minti 10 zuwa 15 bayan an gama, a ba shi abin sha da ɗan abin taɓawa. Wanda ya ji jiri a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. A gaya wa kowa kada ya yi aikin ƙarfi a ranar. Ku sa mutum biyu a wurin hutawa waɗanda ba su da wani aiki sai kallon fuskokin mutane.

Abu biyu kuma da ba na so ku yi sassauci a kansu. Kowace leda ana gwada ta don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Sakamakon sirri ne tsakanin mutum da ma'aikatan lafiya. Ƙungiya ba ta da hurumin gani, ko shugaba ne. Na biyu, kada a biya kowa, kada kuma a matsa wa kowa. Wanda ya zo don kuɗi ko don kunyar abokai yakan ɓoye abin da ya kamata ya faɗa.

In kuna son abin ya yi amfani mai ɗorewa, ku buɗe rajistar masu bayarwa: suna, rukunin jini, ranar da ya bayar, da yardarsa a kira shi. Mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko mai sikila, ba sa jiran ranar taro. Rajistar mutum talatin da za a iya kira da dare ta fi taro ɗaya na mutum ɗari. Ku ba masu rukunin O mai alamar ragi kulawa ta musamman, domin ba su da yawa kuma jininsu ake nema in babu lokacin gwada rukuni. Idan kuna neman rana, 14 ga Yuni ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, ranar haihuwar Karl Landsteiner wanda ya gano rukunonin jini a 1901. Amma ku tambayi bankin, wataƙila su fi son wani watan da ba kowa ke kawo musu ba.

A kan famfon kuma ina da ƙari ɗaya: bayan gyara a kai ruwan ɗakin gwaji. Ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, kada a samu ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid kada ya wuce 1.5. Yara ne za su sha, kuma ruwa yana iya zama garau a ido alhali ba shi da kyau.

Sakatare:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Mun je mun yi gwajin. Famfon mai sarƙa ne, bututun ƙarfe. Bugu 40 ya ba da lita bakwai da 'yan kai, bayan hutun rabin awa kuma sai da aka yi bugu fiye da ashirin kafin ruwa ya zo. Matan wurin sun ce da asuba ruwan ja yake fitowa, yana ɓata farin kaya, amma in an jima ana ɗiba sai ya washe. Sun ce ko da rani ba ya ɗaukewa. Me wannan ke nufi?

Mai gyaran famfo:

Madalla, Malam Sakatare, wannan bayanin ya rage rabin aikin. Tunda ba ya ɗaukewa da rani, rijiyar lafiyarta ƙalau, kuma wannan shi ne labari mai daɗi. Lita bakwai na nufin robobin fistin sun gama aiki. Bugu ashirin na nufin akwai yoyo mai yawa. Jan ruwan kuma shi ya nuna inda yoyon yake.

Jan ruwa iri biyu ne. In ruwa ya fito garau sannan ya yi ja bayan ya zauna a bokiti, ƙarfen daga cikin ƙasa yake, canja bututu ba zai hana ba. In kuwa ja yake fitowa da asuba ya washe daga baya, kamar yadda matan suka faɗa, tsatsa ce ta bututu da rodi, ta taru cikin dare. Ruwan rijiyar yana da ɗan tsami yana cin ƙarfe, kuma ya fi ci a wurin zaren mahaɗa inda ƙarfen ya fi siriri. A nan ake samun huji.

To ga inda ake asarar kuɗi: a sayo sabon bututun ƙarfe irin na da a mayar. Ruwan da ya ci na farko zai ci na biyu, wani lokaci cikin shekara ɗaya ko biyu. A auna tsamin ruwan tukuna. In awon pH ya gaza 6.5, kada a mayar da ƙarfe mai rufin tutiya, wato irin na da. A sa bututun roba na famfo mai kauri da rodi na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko duka biyun na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ya fi tsada a yau, amma shi ne gyaran. Ku yi hattara da jabu a kasuwa, ku tafi da makanikin da kuka yarda da shi, kuma kada a haɗa ƙarfe iri biyu a layi ɗaya, domin ɗayan zai ci ɗayan.

Ranar zarowa a yi a hankali. Bututun da tsatsa ta ci yana iya tsinkewa a mahaɗa ya faɗa rijiya da silinda gaba ɗaya, kamo shi kuma aiki ne babba. Kada a saki maƙalar riƙe bututu sai sifanun ɗagawa sun kama. A ƙirga gaɓoɓin da aka fitar, a rubuta adadinsu da zurfin silinda a littafin kwamiti. Silinda kada ta zauna a gindin rijiya, a bar mata tazara don kada ta riƙa jan yashi.

Ma'aji:

Assalamu alaikum. Ni batun kuɗin zan taɓa, domin ƙananan ƙungiyoyi sun fi mutuwa ta nan fiye da ta gazawar aiki.

Ku raba kuɗinku gida biyu. Kuɗin wata-wata na mambobi shi ne na tafiyar da ƙungiya: takardu, sufuri, ruwan taro. Duk abin da aka karɓa daga jama'a da sunan aiki kuma a aikin zai ƙare, ko kuɗin buga takardar gayyata kada a cira a ciki. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce a ƙungiyoyin sa-kai na Lions, waɗanda aka kafa a Chicago a 1917, kuma tana da sauƙin kwaikwaya. In ba za ku iya buɗe asusu biyu ba, ku riƙe littafi biyu.

Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba, komai amanarsa. Masu sa hannu uku, biyu daga ciki su sa kafin kuɗi ya fita, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. Wanda ya amince a kashe daban, wanda ya biya daban, wanda ya karɓi kayan ya ƙirga daban. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mai riƙon kuɗin kansa, don ranar da aka yi tambaya takarda ce za ta amsa.

Ga aikin famfon, ku nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kowanne ya rarrabe kaya da ladan aiki, ya faɗi adadi da irin kayan. Ƙiyasin da aka rubuta "gyaran famfo" da jimla ɗaya ku mayar masa. Ku ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, domin sai an zaro bututu ake ganin gaskiyar ɓarnar. Kada ku biya makaniki duka a farko. Kashi ɗaya na sayen kaya, kashi ɗaya in an gama, ragowar kuma bayan wata guda in an maimaita gwajin bugu 40 ya ba da abin da ake so. Ku rubuta wannan a yarjejeniya, kowa ya sa hannu. In wani mamba ne ke sayar da kayan, ya faɗa a fili, kuma ya fita daga ɗakin lokacin da ake zaɓe.

Kowane zama ma'aji ya karanta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage, ya ajiye rasit a kan tebur. Ƙarshen aiki a liƙa taƙaitaccen lissafi inda jama'a za su gani, a aika wa duk wanda ya ba da gudummawa. Ƙarshen shekara mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su binciki littafin.

Sai rabon aiki. Aiki ɗaya, shugaban aiki ɗaya, da sunan wanda zai yi kowane abu da ranar da zai gama. "Kwamiti zai duba" ba ya gyara komai. Kuma ku sa ranar komawa a kalandarku tun yanzu, bayan wata uku da bayan shekara. Ban yarda da Malama ba a abu ɗaya kawai: kada ku haɗa ayyukan biyu a wata guda. Mutanen da ke aiki tuƙuru a ƙungiya mai mamba talatin ba su cika wuce goma ba, su ne za su yi duka biyun. Ku gama famfon, ku huta, sannan jinin.

Mai gwajin ido:

Tunda ba wanda ya taɓo na ukun, ga kaɗan. Gwajin kansa ba wuya. Allon harafin E, tazarar mita 6, haske mai kyau, a gwada kowane ido shi kaɗai an rufe ɗayan ba tare da dannawa ba. Wanda ya kasa karanta layin da aka yi wa alamar 6/12 a jikin allon, a sa ya leƙa ta ƙaramin huji. In ganinsa ya ƙaru, galibi tabarau yake buƙata. In bai ƙaru ba, sai likita. Tabaran karatu na waɗanda suka haura shekara 40 shi ne abin da za ku iya rabawa cikin sauƙi, daga +1.00 zuwa +3.00, a gwada da rubutu a tazarar santimita 40, a ba mutum mafi ƙarancin ƙarfin da ya ishe shi.

Wahalar tana bayan gwajin. Za ku samu masu yanar ido da ke buƙatar tiyata, da yaran da ke buƙatar tabarau na awo. In ba ku shirya da asibitin ido ba tun farko, wa zai karɓe su, yaushe, wa zai kai su, to kun gaya wa mutum ciwonsa ne kun bar shi da shi. Allon kuma ba ya gano hawan jinin ido, don haka kada a ce wa kowa idonsa lafiya lau saboda ya karanta layin ƙasa. Kada ku raba maganin ɗigawa, musamman mai sitiroyid, yana iya ɗaga matsin ido ya jawo makanta. Tsofaffin tabarau da aka tattaro ma ban ba da shawara ba, da wuya awon wani ya dace da idon wani. Yaron da aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa kuwa a kai shi asibiti a makon, kada a jira.

Shawarata ku ajiye wannan zuwa shekara mai zuwa, Malam Sakatare, amma ku fara magana da asibitin ido tun bana, ku ji mutum nawa za su iya yi wa tiyata a wata da kuma ko za su ba ku ma'aikaci ɗaya a ranar gwajin.